Ranar da Mahmud ya cire kwalkwali

Lahadi ce, lokacin zafi. Ƙarfe shida na safe ina soya ƙwai a gidanmu na unguwar Withington a Manchester, mijina Mahmud yana falo yana shafa wa sulkensa mai. Shekara biyu ke nan da hukumar garin da yake wa aiki ta rage ma'aikata, ta haɗa da shi. Bai zauna ba. Ya shiga ƙungiyar wasu Turawa masu kwaikwayon jaruman dā, masu sa kayan ƙarfe su hau doki su kara da dogon mashi, jama'a na kallo. Ya haddace dokokinsu. Ba a sukar doki. Ba a dukan wanda ya faɗi. Wanda ya yi nasara shi ke fara miƙa hannu.

Ƙarfe sha ɗaya muka isa filin, a bayan garin Birmingham. An kafa tantuna. Na masu giya yana can gefe, ya cika tun kafin azahar.

Ƙarfe biyu da rabi aka busa ƙaho. Mahmud ya fito kan Bess, baƙar goɗiyar da ƙungiya ke ba shi, fuskarsa a rufe ruf. Abokin karawarsa Colin ne, ɗan garin, wanda ya koya masa riƙon mashi. Sau uku suka kara. A na uku mashin Mahmud ya tarwatse a garkuwar Colin, Colin ya zame daga sirdi. Fili ya ɗauki tafi. Mahmud ya sauka, ya ɗaga shi, sannan ya cire kwalkwali.

Da aka ga baƙar fata ne, tafin ya ragu. Daga tantin giya wani ya yi kukan biri. Wasu suka amsa masa. Kwalba ta farko ta fashe a jikin shinge. Ta biyu ta sami Bess a ido, ta fizge linzami ta ruga.

Sai 'yan tantin giya suka tsallake igiyar filin, sun kai goma.

"Ku tuɓe shi! Ba kayan ubansa ba ne!"

Na ji sanda tana sauka kan ƙarfe kamar ana dukan tukunya. Mai sulke ba ya gudu. Mahmud ya durƙusa, ya kāre kansa da hannu. Na nufe shi, wani ya ja mayafina ta baya, na faɗi. Masu kallo suna tsaye. Wasu sun ɗaga waya.

Colin ya shiga tsakani da garkuwarsa.

"Hadiza, mota! Yanzu!"

Mu biyu muka ja shi. Kayan ƙarfen sun hana shi zama, muka kwantar da shi a kujerar baya. Ƙarfe uku da kwata na ta da mota. A bakin ƙofa dutse ya fasa gilashin baya. Ban waiwaya ba. Duk ramin da na taka sai sulken ya yi ƙara, shi kuma ya ja numfashi ta haƙora.

Unguwar Sparkbrook na nufa cikin Birmingham, gidan yayarsa, Anti Binta. Mijinta likita ne. A tsakar falo ya yanke igiyoyin safar ƙarfen da ke hannun Mahmud da almakashin kicin, don hannun ya kumbura a ciki. Daga nan asibiti. 'Yan sanda sun zo ƙarfe bakwai, suka rubuta. Daga baya suka ce babu wanda ya ga fuskar kowa.

Talata muka koma Manchester. A unguwar Rusholme wasu samari suka yi ihu a bakin titi, ƙwallo suke kallo. Na taka birki har motar baya ta kusa hawa mu.

Yatsu biyu na hannun damansa ba su sake lanƙwasawa ba. Bai sake riƙe mashi ba.

Da yammacin Talatar nan Colin ya kira. Ya ce Bess ta faɗa shinge ranar Lahadin, ƙafarta ta karye, aka harbe ta kafin la'asar. Mahmud ya tambaya wa ya riƙe mata kai.

"Ni," in ji Colin.

Mahmud ya yi masa godiya, ya ajiye wayar.