Shafin da Inna ta ƙunshe daddawa da shi

Jiya ina kwance a ɗakin haya a Fatakwal, aiki ya gallabe ni, sai ga kiran 'yata Hafsa daga gida, Limancin Kona.

Da kanta ta karanta mini littafin da na aika mata, labarin neman ɓarawon hular mai unguwa. Tana tuntuɓe tana dariya, can sai ta tsaya.

"Abba, babu shafin ƙarshe. Inna ta ƙunshe daddawa da shi."

Raina ya ɓaci, amma Innar nan, tsohuwata, ita ce ke zaunar da Hafsa karatun kullum, alhali ba ta san boko ba.

Na ce, "Na san ɓarawon, in faɗa miki?"

"A'a! Ba a waya ba. Sai ka zo."

Jama'a, yaya ake roƙon hutu wurin ogan da ba ya jin magiya?