Ɗakin da Aka Ba Mutum Biyu

Shekara biyar ke nan yau da hatsarin mota ya raba mu da yayana Ishaku. Ni karatuna a firamare ya tsaya, shi kuwa ya gama jami'a yana zaune a ɗaki ɗaya a Samaru da kwamfuta biyu da katifa. Har yanzu ban san sunan aikinsa ba. Na dai ga yadda yake yinsa, sau ɗaya, kuma a wannan ranar ran 'yata Saratu yana hannun Allah.

Saratu tana da shekara ɗaya jininta ya ƙare, tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ce sai an ƙara mata jini, ya tura mu wani ƙaramin ɗakin gwaji a Sabon Gari a duba irin jininta. Aka ɗiba, aka gwada, aka shigar a kwamfuta. Da aka zo fitar da takarda sai komai ya ɓace. Madam mai wurin ko a jikinta. Ta ce haka take yi, a kashe a kunna. Aka kunna, takarda ta fito, na fizge ta zan ruga asibiti.

Yaya ne ya rako ni, dama Madam ta sha roƙonsa ya duba mata na'urar. Sai ya riƙe min hannu.

"Dakata, Talatu."

"Yaya, yarinyar nan ko kuka ta daina!"

"Na gani. Madam, a sake gwadawa a gabanmu, a rubuta da biro."

Na yi masa kallon da ban taɓa yi wa wani babba ba. Bai kula ni ba. Ya ja kujera ya buɗe cikin furogiram ɗin da kwamfutar ke aiki da shi, wani baƙin allo mai ƙananan rubutu. Wurin fitar da takarda, inda abin ya mutu, ko kallonsa bai yi ba. Ya koma can baya, ya sa furogiram ɗin ya riƙa faɗa duk lokacin da ya ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da duk lokacin da ya mayar. Ya riƙa shigar da sunayen ƙarya, da gangan yana neman abin ya sake faɗuwa a idonsa. Da ya faɗi sai na ga ya yi ajiyar zuciya, kamar wanda ya hango baƙon da yake jira.

Daga baya ya yi min bayani da abin da na sani. Ya ce kamar ɗakunan hayar ɗalibai ne a Samaru. Ɗalibi ya mayar da ɗaki, mai gida ya ba wani, amma na farkon bai jefar da makullinsa ba, yana komawa yana ajiye kaya. Wani lokaci su yi karo a bakin ƙofa, shi ne faɗuwar. Ya ce faɗuwar ma alheri ce. Abin tsoro shi ne ranar da ba su haɗu ba, kayan wannan ya shige jakar wancan ba wanda ya ji motsi.

Gwajin da aka sake a gabanmu ya fito daban da takardar da ke hannuna. Sunan Saratu ne a sama, jinin wani bawan Allah a ƙasa. Madam ta zauna a kan benci ta dafe kai.

Yanzu ga waya a hannun kowa, har mai sayar da tumatir a Muchia. In ta sanƙare sai a cire batir a mayar, a ci gaba da hira. Nakan yi tunanin me Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi faɗa ba, zai dai miƙo hannu ya ce a ba shi ya ga me ta yi kafin ta tsaya.

Kwamfutocinsa an sayar, ɗakinsa wani ɗalibi ke ciki. Abin da ya rage mini shi ne hannun nan da ya riƙe nawa, lokacin da na fi kowa gaggawa a duniya. Saratu tana aji biyu yanzu. Da safen nan ta tambaye ni ko Kawu Ishaku likita ne. Na ce a'a. Na buɗe tafin hannunta na duba, kamar yadda nake yi kullum kafin ta tafi makaranta. Ja ne.