Tagar Masaƙa ta Uku

A wani shago bayan tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, wani dattijo cikin tsohuwar kwat mai guga yana tsaye gaban injin da ke yanka da zaren haske, wato leza. Injin yana fitar masa da bangon 'yar ƙaramar masaƙa daga falanki mai kaurin kwali, wadda zai kafa a gefen layin dogon wasa da ya shimfiɗa a tebur a gida.

Ya ɗaga bangon yana duba tagogin. Yatsunsa biyu guntaye ne. Da alama masaƙar gaske ce ta ci su.

"Usta Zaki, duk sun fita daidai," in ji mai shagon, yana kiransa da laƙabin girmamawa na gwanin sana'a. "Ko yau ma injin ya yi laifi?"

"Ya yi, ɗana. Ta ukun nan ba ta taɓa rufuwa ba."

Ya zaro reza, ya tsaga gefen tagar a hankali, ya tura ta waje kaɗan.

"Haba Usta, ka ɓata aiki!"

"Ta nan marigayiya matata take leƙen jirginmu na safe. In na rufe, ta ina za ta ga na iso?"