An Kori Ƙara, Amma Ta Wa?

Damina ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, kuma har yau na kasa gane ko cutarsa na yi ko alheri.

Baffa manomi ne mai 'yan shanu a wani ƙauye bayan Kiyawa. Tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa Malam Ilu akwai siririn fili da ya gangara tafki. A kansa suka yi shari'a a farkon shekarun da aka ba mu jiha. Ni kuwa lokacin sabon malamin Turanci ne a Dutse, duk takardar hukuma ni ake kawo wa.

Sunayen kotu sun wahalar da Baffa. Shi gaban alƙali ya sani. Aka ce yanzu kotun yanki ake cewa, ya tambaya yankin wa. Ya yi nasara a can, sai aka ce Malam Ilu ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Baffa ya ji daɗi. "Ashe mutumin kirki ne," in ji shi, "ina ƙararsa, shi yana ɗaukaka ta." Sau uku na yi masa bayani, sau uku ya gyaɗa kai don kada in ji kunya.

Da hukuncin ya fito, ya same ni a bakin aji da takardar a hannu. Na duba layin ƙarshe na ce, "Baffa, an kori ƙara."

"Kora dai?"

"Haka aka rubuta."

"To, Malam ƙarami, ni da shanu na tashi. Na san kora." Ya kakkaɓe riga ya tafi.

Fassarata ba ta da aibi, ko yau zan ba ɗalibi maki a kanta. Ƙarar Malam Ilu aka kora, wato Baffa ya sake yin nasara. Amma a wurin Baffa ƙara ɗaya ce a duniya, wadda ya kai da ƙafarsa. Shirun da ya yi kuwa na ɗauka fulako ne, tunda mutanenmu ba sa nuna murna a fuska.

Malam Ilu ya san ya faɗi, Baffa ya ɗauka ya faɗi. Babu wanda ya sake sa garma a filin. Kowa yana gaida ɗan'uwansa da ladabin wanda aka kayar. Shanun gari suka fara bi ta wurin, filin ya zama burtali.

Sai a shekarun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci na gane yadda ya ɗauki maganar. Muna wucewa da Baffa ta gaban kotun yankin, na nuna masa sabon allo, na ce yanzu kotun shari'a ce.

"Da can me ake yi a ciki?" ya tambaya.  Sannan ya ce, "Ko me suka kira ta, ba zan koma ba. An kore ni sau ɗaya, ya isa." Na buɗe baki ke nan zan gaya masa shi ya yi nasara, sai ya ƙara, "Kuma ka ga dabbobin mutane suna shan ruwa. Alƙalin nan ya fi ni hankali."

Na rufe bakina. A haka ya rasu.

Watan jiya ɗansa Habu ya kawo mini takardar, don masu sayen filaye daga Dutse sun fara leƙa ƙauyen. Na karanta masa yadda na karanta wa ubansa. Ya ce, "Ta wa aka kora, Yaya?" Tambayar da Baffa bai taɓa yi ba.

Na gaya masa gaskiya: filin nasu ne. Na kuma gaya masa babansu ya bar duniya yana yabon alƙalin da ya zaci ya ƙwace shi.

"To wanne ne hukuncin?"

Na ce ban sani ba. Da Baffa na nan, ƙila ya ce a ba yara haƙƙinsu, ƙila ya tambaya ta ina shanu za su bi. Na haddace sunan kowace kotu har ta ƙoli, ban san wadda ake kai wannan ba.

Habu bai sayar ba, bai kuma shinge ba. Na je ranar Juma'a, na tarar da shi tsaye a gefe, yana jiran garken jikokin Malam Ilu ya gama wucewa. Allah Ya jiƙan Baffa.