Ranar da Kakata ta Zubar da Tulunanta

A Gwaram na ga wata mata tana shanya tsiron dawa a tabarma, za ta yi kunun zaƙi. Ƙanshin nan mai tsami-tsami ya buge ni, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Ita da ƙawayenta biyu suka kafa gidan burkutu a bayan kasuwar Birnin Kudu, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa. Da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Kafin ta ɗora tukunya sai ta ciji ƙwayar tsiro, ta lumshe ido, ta ce, "Ya yi." Amma ba ta taɓa barin ɗan gidanta ya kurɓa ba.

Da dokar hana giya ta zo, babana, wanda ya musulunta tun yana saurayi, ya same ta a tsakar gidanta. Ina tsaye a gefe.

"Inna, ki bari haka nan," ya ce. "Kunya nake ji a masallaci."

Ta dube shi. "Da tukunyar nan na sa ka a makaranta," ta ce. Sai ta miƙe ta tuntsurar da tulunan da hannunta. Ƙasa ta jiƙe, kumfa tana tashi. Ba ta yi kuka ba, amma ba ta ƙara taka gidanmu ba har ta rasu.

Har yau na kasa ɗora wa ɗayansu laifi. Ya Allah, hukunci naka ne. Ka sassauta mata, Ka sanyaya zuciyar babana, wanda har yanzu yake tashi ya bar wuri in an ambace ta.