Malama Zauna-Ƙasa

Shekara talatin da biyu ta yi tana binciken tsoka a wani ɗakin gwaji da ke ƙarshen barandar asibiti. Ba likitar ba da magani ba ce. Aikinta shi ne ta karɓi ɗan tsoka kamar ƙwayar shinkafa, ta daskarar da shi, ta yanka shi ya fi ɓawon albasa siranta, ta duba a madubin ƙara girma yadda kitse ke cinye gurbin nama a jikin yara masu ciwon shanyewar tsoka.

Amma ba da wannan aka fi saninta ba. Duk yaron da aka kawo mata, sai ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa tare da shi, ta ce su yi tseren tashi. Mai lafiya zumbur yake miƙewa. Mai ciwon kuwa sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa kamar tsani. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata Zauna-Ƙasa. Yau sun bazu a asibitoci, kuma ana gane su da dattin da ke bayan farar rigarsu.

Wani malamin lissafi ya fara saninta ranar da ya kai mata ɗansa mai shekara biyar. Yaron ya yi daƙiƙa bakwai kafin ya miƙe. Uban ya ƙirga.

"Ba ni da magani, Malam," ta ce. "Amma duk abin da na sani za ka sani, ba ragi ba ƙari."

Ta cika alkawari har yaron ya rasu yana da shekara goma sha bakwai. Ita ce kuma ta gaya masa cewa ciwon ta wurin uwa yake bi ya kama ɗa namiji, don haka ƙanwar marigayin tana iya kasancewa ɗauke da shi ba ta sani ba.

Ƙanwar ta girma, ta yi aure, ta haifi namiji. Ta ƙi gwajin jini. "Baba, in na sani me zan yi da sanin?" Malamin bai matsa mata ba, sai dai duk lokacin da jikan ya zauna a ƙasa, shi kan ɗauke kai ya dubi taga. Yaron na da shekara huɗu ya faɗi sau biyu a mako guda, sai Malamin ya ɗauko uwa da ɗa zuwa gidan Malama, wadda ta yi ritaya tuni.

Suka same ta a falo tana gyara takardar wani tsohon ɗalibinta da jan biro. Ta dubi yaron ta saman tabarau.

"Wannan ne mijin nawa? Kai, ango, haka ake zuwa zance hannu rabbana?"

"Ni ba na son tsohuwa," in ji yaron.

"To zo mu yi tsere. In na riga ka tashi, aure ya ɗauru."

Ta tuɓe takalmi ta sauka ƙasa da ƙyar. Uwar ta rufe ido. Malamin ya so ya dubi taga, ya hana kansa.

"Ɗaya, biyu, uku!"

Bai samu abin ƙirgawa ba. Yaron ya riga ya miƙe, hannuwansa a sama, yana ihun ya tsira. Malama kuwa ta dafa ƙasa, ta dafa gwiwa, ta dafa cinya.

"Nawa na yi, Malam?"

"Goma sha ɗaya," ya ce.

Ta juya ga uwar. "'Yata, abin da na gani mai kyau ne. Amma idona ba jini ba ne, ban taɓa ba ubanki rabin magana ba, ke ma ba zan ba ki ba. Gobe ku je asibiti a ɗibi naki da nasa."

Uwar ta daɗe tana kallon ɗanta yana tsalle a kan kujera.

"Baba, ƙarfe nawa suke buɗewa?"