Hawainiyar Auta

A makarantar ba a san shi da wani suna ba sai Baba Kwalba. Shi ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje, shi ke share shi, shi ke wanke gilasai, tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye masa kai. Ba malami ba ne, bai kuma taɓa cewa shi malami ne ba. Amma a ƙuryar ɗakin akwai kantoci har rufi cike da kwalabe, kowace da halittarta a jiƙe cikin sifirit, ruwan maganin da ke hana ta ruɓewa, kuma nan kam ko shugaban makaranta ba ya sa masa hannu.

Jerin yana da doka. Kantocin ƙasa na marasa ƙashin baya ne: tana, tsutsar ciki, dodon koɗi, sai masu gaɓoɓi a ƙafa. Ɗalibi ya kuskura ya ajiye gizo-gizo kusa da fara, Baba zai ja masa kunne ya ce, "Duba ƙafafun. Shida ne ko takwas? To, kunama ce 'yar'uwarsa, kai shi can." Sama kuma masu ƙashin baya ne: kifaye, kwaɗi masu santsin fata da ke fara rayuwa a ruwa, masu jan ciki da busasshiyar fata, tsuntsaye, sannan masu shayarwa. Jemage yana tare da ɓera da bushiya, kuma duk shekara sai an yi musu a kansa.

"Yana ƙwai?" Baba zai tambaya. "Haihuwarsa aka yi, uwarsa ta ba shi nono kamar ku, ko da yake ku bai yi muku rana ba."

Kanta ɗaya ce kullum fayau, wadda aka ware wa funfuna da danginta. Su ba tsiro ba ne, ba kuma dabba ba, ba sa yin abincinsu da hasken rana, abin da ya mutu suke bi su ci. Baba ya tsane su. In darasinsu ya zo, sai a bar burodi ya lalace, a nuna wa yara, a jefar.

A cikin masu jan ciki akwai wata hawainiya. 'Yarsa ce ta kawo ta, Auta, lokacin tana ɗaliba a makarantar. Ta tsince ta matacciya a gindin bishiya, ta naɗo ta a gefen ɗankwali, ta dage wai 'yar'uwar kwaɗo ce saboda idanun. Ya kama yatsanta ya goga a bayan hawainiyar, ta ji kaushin fatar, ta yi dariya ta sallama. Ita ta zuba sifirit, ita ta liƙe murfin da narkakken kyandir, ta danna babban yatsanta a kai tun bai daskare ba. Kafin ta gama makaranta zazzaɓi ya ɗauke ta. Kayanta duk an rabar. Shatin yatsan nan ne kawai ya rage wa Baba, kuma kowace safiya sai ya goge kwalbar kafin ya taɓa tsintsiya.

Sai aka daina kawo sifirit. Ana fentin ƙofar makaranta, ana sauya labulen ofis, amma jarka ɗaya ta gagara. Baba ya yi ta zarya har masinja ya fara ɓuya in ya hango shi. Shi kuwa sifirit ba ya jiran sa hannun kowa, ta ƙarƙashin murfi yake sulalewa. Da kwalba ta yi ƙasa, sai Baba ya cika ta da ɗan ruwa, ya kai hanci ya shinshina. Haka yake auna ƙarfinsa tun farkon aikinsa: in ya soki hanci, da sauran ƙarfi.

Da ruwan ya fara yawa, ya ga dole a yi asarar wasu don a tsirar da wasu, kuma bai san wata hanyar zaɓe ba sai jerinsa. Ya fara daga ƙasa. Ya tsiyaye ruwan tsutsotsi cikin jarka, ya binne su a bayan ɗakin. Dodon koɗi ya bi su, sannan kunama da fara. Wata shekarar kifaye suka tafi, kwaɗi suka biyo baya. Da ya iso kantar masu jan ciki sai ya tsallake ta, ya hau kan tsuntsaye. Sabuwar malamar kimiyya, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, ta lura.

"Baba, ka yi tsallake."

"Na sani, Malama," ya ce, bai juyo ba.

Wata safiya yana goge kwalbar Auta ya ga ruwan ya sauka, ƙeyar hawainiyar ta leƙo waje. Kyandir ɗin ya ɗan tsage a gefe. Ya ɗauki jarkar da ya tara ya tafi da ita gida don ya tace da ƙyalle. Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta miƙa hannu ta buɗe, ta shinshina.

"Baban Auta, wannan ai ruwa ne. Ko wari babu."

"Ke me kika sani a kai? Ni da nake shaƙarsa tun kafin in auro ki."

"Shi ya sa. Ran nan tukunya ta ƙone ƙurmus kana zaune a gefenta, ba ka ji ba. Hancin nan ya mutu. Ka liƙe tsagar kawai, ka bar wa yarinyar nan abinta yadda ta rufe."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ji haushi. Shekarun shaƙar magunguna sun kashe masa hanci bai sani ba, sukan da yake ji tunawa ce kawai. Amma mutum yakan yarda idonsa ya raunana, da wuya ya yarda abin da yake taƙama da shi ya tafi. Washegari ya sa reza ya yanke kyandir ɗin a hankali, yana kewaye shatin yatsan. Amma kyandir ya tsufa, shatin ya rabe biyu ya marmashe a kan tebur. Ya tsaya yana kallon garin kyandir ɗin. Sannan, tunda aikin gama ya gama, ya juye tsohon ruwan da ya yi rawaya, wanda shi ne mai ƙarfin, ya cika kwalbar da na jarka, fari tas.

Aka tafi dogon hutu. Ranar da aka dawo ya buɗe ɗakin, ya nufi kwalbar da tsummansa. Ruwan ya yi duhu. Wani farin abu kamar auduga ya rufe samansa, ya sauka ya lulluɓe kan hawainiyar, ya cika ramukan idanun. Da ya ɗaga kwalbar, ƙafa ɗaya ta rabu da jikin ta nutse.

Bai yi kuka ba, ya dai zauna a kan kujerar ɗalibai, baƙin ciki ya danne shi har ya kasa aje tsumman. Nan malamar ta same shi. Ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Sannu, Baba. Bari in sa a binne maka ita."

"A'a, Malama."

Ya miƙe, ya goge gilashin kamar kullum. Ya kai hannu zai mayar da ita cikin macizai da ƙadangaru, sai ya dakata. Bai taɓa ajiye abu inda ba gidansa ba, kuma abin da ke raye a kwalbar yanzu ba mai jan ciki ba ne. Ya taka zuwa kantar funfuna, ya share ƙurar da ta taru a kai da gefen hannu, ya ajiye hawainiyar Auta a tsakiya.

"In darasinsu ya zo," ya ce, "ba sai kin lalata burodi ba."